Bougainville da Tsibiran Solomon: Zumuntar da Iyakar Turawa Ta Ratsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in yi ƙarin bayani a kan labarin da jaridarku ta kawo game da tsibirin Bougainville, wanda ke neman ɓallewa daga ƙasar Papuwa Niyu Gini. Abin da kuka faɗa haka yake: yaƙi ya ɓarke a 1988 a kan mahaƙar tagulla ta Panguna, an sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a garin Arawa ranar 30 ga Agusta 2001, kuma a ƙuri'ar raba-gardama ta ƙarshen 2019 kashi 97.7 cikin ɗari suka zaɓi 'yancin kai. Sai dai wanda ya karanta zai tashi da zaton rigimar kuɗin ma'adinai ce kawai. Akwai gefen da labarin bai taɓo ba. Mutanen Bougainville dangin mutanen Tsibiran Solomon ne, kuma dangantakar nan tana da hanyoyinta da ƙa'idojinta da kayan aikinta, waɗanda za a iya zayyana su ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai san su ba, ba zai gane dalilin da ya sa masu neman ɓallewa na farko, ranar 1 ga Satumba 1975, suka raɗa wa ƙasarsu suna Jamhuriyar Solomon ta Arewa ba.

Yankin da ake kira Melanesiya, inda Bougainville take, ya haɗa Papuwa Niyu Gini, Tsibiran Solomon, Vanuatu, Fiji, Niyu Kaledoniya da ke hannun Faransa, da yammacin tsibirin Niyu Gini da ke hannun Indunusiya. Harsunansu sun haura dubu. Papuwa Niyu Gini kaɗai tana da sama da 800, Vanuatu tana da sama da 100. Mutane sun zauna a kogon Kilu da ke tsibirin Buka, arewa da Bougainville, tun kimanin shekara 28,000 da suka wuce. A wancan zamani ruwan teku bai kai tsayin yau ba, don haka Buka da Bougainville da Shortland da Choiseul da Isabel duk dunƙulalliyar ƙasa ɗaya ce. Daga baya, kimanin shekara 3,000 da suka wuce, wasu masu tuƙa kwalekwale suka bazu daga tsibiran Bismarck har Vanuatu da Niyu Kaledoniya da Fiji, suna barin tukwane masu zanen ɗige-ɗige da masana ke kira Lapita. Baƙin dutsen aman wuta mai kaifi da ake haƙowa a Talasea, a tsibirin Niyu Biritan, an tono shi har a Fiji, nisan dubban kilomita. Ke nan tun fil azal teku hanya ce a wurinsu.

Iyakar da ta raba Bougainville da 'yan'uwanta ba ta daɗe ba. A 1886 Ingila da Jamus suka ja layi a taswira, Jamus ta ɗauki Buka, Bougainville, Shortland, Choiseul da Isabel. Ranar 14 ga Nuwamba 1899 suka sake zama a Landan domin rabon Samowa, Ingila ta janye daga can, aka biya ta da Shortland da Choiseul da Isabel, Jamus ta riƙe Bougainville da Buka. Wannan takarda ta shafe mu ma, domin a cikinta ne aka raba yankin Salaga ta ƙasar Gwanja, inda fatakenmu ke zuwa sarin goro: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus, aka tsaga ƙasar Dagwamba gida biyu. Bayan yaƙin duniya na farko Ostireliya ta gaji rabon Jamus, shi ya sa da aka ba Papuwa Niyu Gini 'yanci a 1975 Bougainville ta bi ta, Tsibiran Solomon kuma suka sami nasu daga Ingila a 1978.

Tsakanin gaɓar Buin, a kudancin Bougainville, da tsibirin Shortland, wanda masu shi ke kira Alu, bai kai kilomita 20 ba. Gizo kuwa, hedikwatar lardin da Shortland ke ciki, da Honiara babban birnin Tsibiran Solomon, suna can nesa. Saboda haka kasuwar mutanen Shortland ita ce Buin: su kai kifi ɗanye da kyafaffe, su dawo da gwaza da dankali da kayan kanti. Harshensu ba ɗaya ba ne, ko asalin harsunan ma daban yake, domin Mono-Alu ɗan gidan harsunan masu kwalekwalen nan ne, harshen Buin da na Siwai kuma na mazauna farko ne. Duk da haka auratayya ta haɗa su tun kaka da kakanni. Gorai, sarkin Alu a shekarun 1880, ikonsa ya kai gaɓar Buin. Masu harshen Torau da ke zaune a gabashin Bougainville kuwa daga Shortland kakanninsu suka yi ƙaura a ƙarni na 19. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. A nan a kwalekwale take, kuma babban abin da kwalekwalen ke ɗauka shi ne kuɗin katantanwa.

Ya kamata a san yadda ake yin kuɗin nan, don wahalar yinsa ce tushen darajarsa. Cibiyarsa ita ce Langalanga, wani lungun teku a yammacin tsibirin Malaita na ƙasar Solomon, kudu da garin Auki, inda mutane suka tara duwatsun murjani da hannu suka gina ƙananan tsibirai irin su Laulasi suka zauna a kai. Ba su da gonaki na a-zo-a-gani, sana'ar katantanwa ce ke ciyar da su. Iri huɗu suke amfani da su: romu mai ja, wanda ya fi kowanne tsada kuma sai an yi nutso mai zurfi ake samunsa, ke'e mai ruwan ƙasa, kakadu fari, da kurila baƙi. Maza ke nutso. Mata su farfasa ɓawon a kan dutse, su riƙa ɗanɗaƙe gefen kowane gutsure da ɗan ƙarfe har ya yi kusan kewaye. Sai a jera gutsattsarin a ƙananan ramuka da aka sassaƙa a jikin katako, a goga a kan dutse da ruwa har fuska biyu su yi sumul. Daga nan sai huda. A da da wani mahuji na sanda da igiya ake yi, mai dutsen ƙanƙara a baki, yanzu na ƙarfe ake juyawa da hannu. Idan hudar ta kauce daga tsakiya, ƙwayar za ta fashe wajen wasawa, ko ta zauna a karkace a jikin zare ta ɓata jeri.

Shi ke'e sai an gasa shi a kan duwatsu masu zafi launinsa ke juyawa ya yi ja-ja. Nan ne gwaninta take: in wuta ta yi kaɗan launin ba zai fito ba, in ta yi yawa ya koɗe ya yi fari, aikin kwana da kwanaki ya tashi a banza. Bayan haka a zura ƙwayoyin a dogon zare, a miƙe shi a kan katako a ɗaure, maza su kama dutse mai kwari a tsakiya su yi ta gogawa da ruwa da yashi, gaba da baya, har duk ƙwayoyin su zama kauri ɗaya. Wannan ne aiki mafi cin ƙarfi, kuma iyakar ƙanƙantar ƙwaya iyakar tsadarta. Kuɗin da ya cika, wanda ake kira tafuliae, zare goma ne a jere, tsawonsa gaba guda, wato faɗin hannu biyu a miƙe, ko fiye, an ratsa shi da 'yan sanduna na katako ko na ƙoƙon kunkuru don kada zaren su harɗe, ja a tsakiya, fari da baƙi a gefe, ƙarshensa da 'ya'yan itace da jan ƙyalle. Mai karɓa yakan auna tsawo a jikinsa, ya duba yawan jan da ke ciki, ya shafa ya ji ko an wasa da kyau.

Matsalar sana'ar a yau ita ce katantanwar Langalanga ta ƙare saboda yawan ɗiba da lalacewar murjani, har da ɓarnar masu kamun kifi da nakiya. Dole masu yi su sayo ɓawo a buhu daga wasu tsibirai, abin da ke cinye riba. Wasu kuma don sauri sukan rage ja su cika da fari, ko su bar ƙwaya da kauri. Irin wannan yana wucewa a wurin baƙi masu sayen abin wuya, amma ba ya wucewa a gaban dattawa ranar aure.

Da kuɗin nan ake biyan dukiyar aure, da diyya, da hidimar mutuwa, wani wuri har da filaye. Abin lura shi ne ango ba shi kaɗai ke tara dukiyar aurensa ba. Baffanni da kawunnai da abokan arziki kowa ya kawo nasa, kuma ana riƙe da lissafin wanda ya kawo da abin da ya kawo, domin ranar da ɗansa zai yi aure sai an mayar. Dangin amarya su ma ba sa ɓoye abin da suka karɓa, rabawa suke ga duk wanda ya taɓa taimaka musu. Aure ɗaya sai ya ɗaure gidaje da dama da bashi, kuma ba a so bashin ya ƙare, don ranar da ya ƙare ba sauran dalilin ziyara. Inda abin ke lalacewa shi ne idan mai albashi a Honiara ya sayi tafuliae da kuɗin takarda ya biya shi kaɗai. A ido ya yi bajinta, amma ya fitar da danginsa daga auren, kuma ranar da rigima ta tashi tsakaninsa da matarsa ba wanda ke da hakkin shiga tsakani. Tsadar dukiyar aure ta sa wasu coci-coci sun sa mata iyaka, wasu kuma sun hana mabiyansu gaba ɗaya.

Kuɗin Malaita yana tsallaka iyaka zuwa Bougainville har gobe, kuma a da ta hannun 'yan Alu mutanen Siwai da Buin ke samun nasu. Haka nan mutanen Tolai na yankin Rabaul, a Papuwa Niyu Gini, suna da nasu kuɗin mai suna tabu: 'yan ƙananan katantanwu ne da ake cire wa baya a zura su a tsagin bulalar ratan, wata kurangar kurmi. Da gaba ake auna shi, gaba guda na ɗaukar ƙwaya 300 zuwa 400. Mai hali yakan tara gaba ɗari ko fiye, a naɗe shi kamar ƙatuwar taya a rufe da ganye, a ajiye. Ba a yanka wannan naɗi sai ranar makokinsa, a raba wa duk wanda ya halarta gwargwadon matsayinsa. Mutumin da aka binne ba a raba tabu ba, abin kunya ne ga zuri'arsa. Jamusawa sun hana amfani da shi a ciniki da Turawa a farkon shekarun 1900, amma bai mutu ba. Ana sayen kayan miya da shi a kasuwa har yau. Katantanwar da ake yinsa da ita ta yi ƙaranci a gida, yanzu da yawanta daga yammacin Tsibiran Solomon ake kawowa. Jana'izar mutumin Tolai a Papuwa Niyu Gini ta dogara ke nan ga mai tsintar katantanwa a wata ƙasa.

Misalin da ya fi fito da ƙa'idar wannan hulɗa fili shi ne musayar kyaututtuka da ake kira kula, a tsibiran lardin Milne Bay na Papuwa Niyu Gini, wadda masanin al'adu Bronislaw Malinowski ya bayyana wa duniya bayan zamansa a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918. Tsibiran sun yi zobe: Kiriwina, Kitava, Iwa, Gawa, Woodlark, Tubetube, Dobu, Amphlett da sauransu. Abubuwa biyu ke zagayawa. Jar sarƙar wuya mai suna soulava tana bin yadda hannun agogo ke juyawa, farar munduwar damtse mai suna mwali tana bin akasin haka. Kowane mai kula yana da abokai a hannun dama da na hagu, a tsibiran da ba harshensu ɗaya ba. Daga wannan gefe yana karɓar sarƙa, daga wancan yana karɓar munduwa, kuma ba a taɓa juya alƙibla. Mai karɓa shi ke tafiya. Mutanen gari su sassaƙa babban kwalekwale, su ɗaure shi da wata jijiyar kurmi da suke kira wayugo, wadda in ta ruɓe ko an yi sakaci wajen ɗaurin, jirgi ya watse a tsakiyar teku, sa'an nan su jira iska.

Idan an isa, mai masauki ya ba da kyautar buɗewa, vaga. A busa ƙahon katantanwa, ya jefar da abin a ƙasa kamar bai dame shi ba. Ba a ramawa nan take. Sai shi ma mai masaukin ya tuƙo nasa kwalekwalen, bayan watanni ko shekara, a ba shi kyautar rufewa, yotile, wadda dole ta yi daidai da ta farko a daraja. Ba a ciniki, ba a tayawa, ba kuma alƙalin da zai tilasta. Mai ramawa shi ke yanke abin da ya dace, sunansa ne jingina. In ba shi da abin da ya kai, sai ya ba da ƙaramar kyauta mai suna basi, alamar yana sane da bashin. Manyan sarƙoƙi da mundaye suna da sunaye da tarihin hannuwan da suka bi, kuma kafin ɗaya ta gama zagaye takan ɗauki shekara biyu zuwa goma. Wanda ya riƙe abu ya wuce shekara ɗaya ko biyu sai a fara kiransa mai nauyin hannu, abokai su karkatar da kayansu ga wani. A gefe guda kuma, ƙarƙashin inuwar wannan amana, ana yin ciniki na sosai da suke kira gimwali, inda ake tayawa a yi ragi: tukwanen Amphlett, doyar Kiriwina, da a zamanin da gatarin dutse na Woodlark. Baƙo a tsibirin da a da ana iya kashe shi, abokin kularsa ne garkuwarsa da masaukinsa.

Abin da ke karya hanyar kula sananne ne. Na farko mutuwa: in mutum ya rasu da kayan wasu a hannunsa, magadansa ba su san alkawuran da ya ɗauka ba, hanyar ta yanke sai in ya riga ya shigar da ɗansa ko ɗan 'yar'uwarsa. Na biyu haɗama, wadda mutanen Dobu ke kira wabuwabu: mutum ya yi wa abokai uku ko huɗu alkawarin sarƙa guda, ya karɓi munduwa a hannun kowannensu, ya bar sauran suna jira. Gwani yakan biya daga baya, wanda ya kasa kuwa ya jawo wa kansa gaba da zargin sihiri. Na uku, wasu kayan mallakar mutum ɗaya ne, kitoum, yana da ikon cire su daga zobe ya biya hidimar mutuwa ko ya sayi kwalekwale, kuma in ya sayar wa baƙo mai tara kayan tarihi, duk wanda ke kan wannan hanya ya yi asara. Yau da kwalekwalen inji da wayar hannu ake kula, tafiyar ta yi sauƙi amma kuɗin mai ya zama sabon shinge ga talaka.

Batun ƙasa shi ne inda rashin sanin al'ada ya fi zubar da jini. A mafi yawan Bougainville, ban da Buin inda gadon uba ya fi ƙarfi, ƙasa ta wajen uwa ake gadonta. Mace ce ke riƙe da ita, ɗan'uwanta namiji bakin magana ne kawai, 'ya'yansa kuma ba su da gado a ciki. Da aka zo buɗe Panguna, wadda ta fara aiki a 1972, jami'ai sun rubuta sunayen maza a matsayin masu ƙasa, kuɗin diyya ya bi waɗannan sunaye. Wannan na cikin abin da ya raba tsofaffin wakilai da matasa irin su Francis Ona da 'yar'uwarsa Perpetua Serero, waɗanda suka karɓe ƙungiyar masu ƙasa a 1987. Irin haka ta faru a Guadalcanal, tsibirin da Honiara take, inda gado na uwa ne, alhali baƙin da suka zo daga Malaita gadon uba suka sani. Namiji ya karɓi kuɗi ya sayar da filin da ba nasa ba ne shi kaɗai, mai saye ya ɗauka ya mallaka har jikoki, ya kira danginsa su zo su zauna. Da 'ya'yan 'yan'uwa mata suka girma suka nemi ƙasarsu, rikici ya tashi a 1998, aka kori mutanen Malaita kimanin 20,000, ba a sami natsuwa ba sai da rundunar ƙasashen yankin ta sauka a Yuli 2003. Vanuatu ta rufe wannan ƙofa tun a tsarin mulkinta na 1980, inda ta ce duk ƙasa ta masu ita na gargajiya ce, baƙo sai dai haya, ko da yake hayar shekara 75 ita ma ta zama hanyar raba mutane da gaɓar tekunsu a tsibirin Efate.

Sulhu ma yana da matakai. A Bougainville, bayan yaƙi, dattijon da ke da dangi a ɓangarorin biyu shi ke fara kai-komo, wani lokaci shekara da shekaru. Sai wanda ya yi kisa ya amsa da bakinsa, ya nuna inda gawa take, a tono ƙasusuwa a mayar wa dangin uwar mamaci. Sa'an nan a sa rana. Kowane ɓangare ya kawo kuɗin katantanwa da aladu da abinci, a yi musaya, a karya baka da kibiya, a tauna ɗan itacen buai, wanda ke matsayin goro a wurinsu, tare, a binne dutse a matsayin shaida. Ɓangarorin biyu duk suna bayarwa, domin ana gyara hulɗa ne. A Tsibiran Solomon kuwa, bayan yarjejeniyar sulhun rikicin Guadalcanal da aka ƙulla a garin Townsville na Ostireliya a Oktoba 2000, gwamnati ta ɗauki biyan diyya a kanta da kuɗin takarda, har da bashin dala miliyan 25 daga wani bankin Taiwan. Masu bindiga da 'yan siyasa suka yi layi, wanda ya fi ƙarfi ya fi samu. Kuɗin da bai fito daga hannun mai laifi da danginsa ba, ba ya wanke komai a idon wanda aka zalunta, kuma a ganina wannan ne babban darasin da ya bambanta sulhun wuraren biyu.

A Fiji akwai dangantakar da ake kira tauvu, tsakanin garuruwan da suka yarda kakansu ɗaya ko da teku ta raba su. Ɗan wannan gari yana iya tsokanar ɗan wancan, ya ɗauki abinsa, ba a fushi, kamar dai wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa. Ɗan 'yar'uwa kuma, vasu, yana da hakki na musamman a gidan kawunsa. Vanuatu da Tsibiran Solomon sun kafa hujja da irin wannan tsohuwar dangantaka ta mutanen lardunan Torba da Temotu lokacin da suka sa hannu a kan iyakarsu ta teku a tsibirin Mota Lava a Oktoba 2016.

Wani abin da ya ƙara ɗaure mutanen Melanesiya ya fito ne daga wahala. Tsakanin 1863 da 1904 an kwashi ma'aikata, wasu da yaudara wasu da sata, zuwa gonakin rake na Queensland a Ostireliya, kwantiragi kimanin 62,000, akasari daga Vanuatu da Solomon. Wasu kuma aka kai su Fiji da gonakin Jamusawa a Samowa. A can ne aka haifi harshen da ya rabu uku: Tok Pisin na Papuwa Niyu Gini, Pijin na Solomon da Bislama na Vanuatu, waɗanda masu su ke fahimtar juna. Amfanin wannan ya fito a Bougainville daga 1997, lokacin da aka turo masu sa ido marasa makami daga Niyu Zilan, Ostireliya, Fiji da Vanuatu. 'Yan Vanuatu suna iya zama da mutanen ƙauye su yi magana ba tafinta, sun kuma san yadda ake shiga gaban dattawa. Daga wannan harshe ne kalmar wantok ta fito, wato wanda kuke harshe ɗaya, wanda ci da kwanansa da kuɗin makarantar ɗansa suna wuyanka in ya zo birni. Shi ne inshorar marar albashi, shi ne kuma ke karya ƙaramin kanti da bashin da ba a iya tambaya, ya sa ma'aikaci ɗaukar ɗan garinsu a gurbin wanda ya cancanta.

Lokacin da gwamnatin Papuwa Niyu Gini ta datse Bougainville a 1990, ba magani ba mai, ta wannan ɗan mashigi na Shortland da Choiseul aka riƙa satar hanya da dare ana kai masu rauni da mata masu naƙuda asibitocin Solomon, ana dawowa da magani. Masu tuƙin dangi ne, kuma sun biya da rayukansu. A 1992 sojojin Papuwa Niyu Gini sun tsallaka har cikin Shortland sun kashe mutane. Ƙasashen biyu sun amince a takarda cewa mazauna bakin iyaka na da izinin tsallakawa don hidimar gargajiya, amma da aka rufe iyakar a 2020 saboda annobar korona, mutanen Shortland suka rasa kasuwar kifinsu, aka yi makoki a Buin ba 'yan'uwa daga Alu.

Don haka, Malam Edita, in za ku sake kawo labarin Bougainville, ku haɗa da wannan gefen. Sakamakon ƙuri'ar 2019 ba ya aiki da kansa, yarjejeniyar 2001 ta bar magana ta ƙarshe ga majalisar dokokin Papuwa Niyu Gini. Ko ta amince ko ta ƙi, tambayoyin da suka dami mutumin Buin da na Alu su ne: wa ke cikin jerin masu tsallakawa na gargajiya kuma wa ke rubuta jerin, kwana nawa aka yarda mutum ya yi a wancan gefe in ya je aure ko makoki, ko jami'in kwastan zai ɗauki tafuliae da buhun katantanwa a matsayin kayan haraji, da kuma inda mai kifi zai canza kina, kuɗin Papuwa Niyu Gini, zuwa dalar Solomon ba tare da an cuce shi ba.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku, daga Zariya.